Sunan Yanka da Sunan Rana: Tarihin Sunaye da Laƙabi a Ƙasar Hausa

Da wuya a sami Bahaushen da ya rayu da suna ɗaya tak. Akwai wanda liman ya ke sanarwa ran suna, kwana bakwai da haihuwa, sa'ad da aka yanka rago, shi ne sunan yanka. Akwai wanda matan gida su ke laƙaba wa jariri, wani lokaci tun kafin a yanka ragon, wanda a kan ce da shi sunan rana ko da bai shafi ranar haihuwa ba. Bayan waɗannan ga na alkunya, ga na lele wanda kakanni su ke kiran jika da shi. Sau da yawa mutum ya kan girma har ya yi furfura, maƙwabtansa ba su san sunansa na yanka ba sai ran ɗaurin aure ko rabon gado. Wannan tarin sunaye kuwa ba a rana ɗaya ya taru ba. Kowane kashi da zamanin da ya shigo, kuma lafazin sunayen da kansa ya riƙe shaidar zamanin, ga wanda ya san inda zai duba.

Wurin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne jerin sarakuna, domin a nan ne sunayen dā suka tsira a rubuce. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya fara da Bagauda, sa'an nan Warisi, da Gijimasu, da tagwaye Nawata da Gawata, da Yusa, da Naguji, da Guguwa, da Shekarau, da Tsamiya. Ba a kira tagwayen nan Hasan da Husaini ba, kamar yadda ko wace uwa za ta kira su a yau. Waɗansu daga cikin sunayen ma'anarsu ta ɓace, amma Shekarau, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1290 zuwa 1307, har yanzu ana sa shi ga yaron da a ke ganin ya daɗe a ciki fiye da ƙima. Ƙirar sunan kuma tsohuwa ce. Wannan ɗafa-ƙeya ta -au ita ce a cikin Nomau, wanda aka haifa lokacin noma, da Sallau, wanda aka haifa ran salla, da Jatau, mai jan fata, ita ce kuma a cikin Kumayau da Sanau da Korau na jerin sarakunan Katsina.

A jerin Kano, bayan waɗannan sai mai sunan Musulunci, Usumanu Zamnagawa, daga 1343 zuwa 1349, wanda ya kashe Tsamiya ya hau gadon. Bayansa sai Yaji, wanda sunansa Ali, a zamaninsa ne littafin ya ce Wangarawa suka zo daga Mali da addini. Littafin ya kuma faɗi dalilin laƙabinsa, watau zafin rai da ya ke da shi tun yana yaro. Abin lura a nan shi ne sunan Usumanu ya riga zuwan Wangarawa. Ko dai Musulunci ya riga su isa fada, ko kuwa marubutan baya ne suka ƙara wa sarkin sunan, amma ko wanne ne, tun daga nan aka shiga tsarin da bai sāke ba har aka ci Muhammadu Alwali da yaƙi a 1807: sarki yana da sunan Musulunci, yana kuma da laƙabi na Hausa, kuma laƙabin ne duniya ta ke riƙewa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Magili, da Rumfa aka san shi. Haka Kisoki da Shashere da Kutumbi da Sharefa, dukansu Muhammadu ne. In da ba don laƙabi ba, da mai karanta tarihin Kano ya rasa yadda zai rarrabe su. Sunan Musulunci bai kori na gargajiya ba, ya dai hau kansa ya zauna, suka raba aiki: ɗaya na addini da shari'a, ɗaya na kira.

A kan lissafa sunayen ranaku cikin na gargajiya, watau Ɗanladi da Ladi na Lahadi, Altine da Tani na Litinin, Ɗantala da Talatu na Talata, Bala da Balarabe da Larai na Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Ɗanjuma da Jummai na Jumma'a, Ɗan'asabe da Asabe na Asabar. Lissafin yana da gaskiyarsa, tun da liman ba ya raɗa su, kuma Maguzawa ma suna sa su. Amma fa sunayen ranakun nan bakwai duk daga Larabci aka aro su, saboda haka ba shi yiwuwa a ce Ladi ko Lami sun girmi haɗuwar Hausawa da masu jin Larabci. Abin da za a iya cewa shi ne sun tsufa ƙwarai, kuma akwai hanyar gwada tsufansu.

A 1947 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci kashi biyu ne. Na farko sun shigo ta baki, daga Larabcin magana, sau da yawa da harafin al- manne a jikinsu, kuma harafin nan na Larabci mai ɗigo uku ya koma t a cikinsu. Na biyu sun shigo ta hannun malamai daga littafi, a cikinsu harafin nan ya koma s. In aka ɗora wannan ma'auni a kan sunaye sai a ga abin sha'awa. Malamai su kan jera 'ya'yan da aka sa wa Muhammadu a gida ɗaya da ƙidayar Larabci: Lawal ko Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. To, Altine da Sani saiwarsu ɗaya ce a Larabci, wadda ta ke nufin biyu, sai dai ɗaya ya zo da t, ɗaya da s. Talatu da Salisu saiwarsu ɗaya, watau uku. Larai da Rabi'u daga huɗu suka fito, Lami da Hamisu daga biyar, na matan sun riƙe l ɗin nan na al-, na mazan sun yar da shi. Ke nan a gida ɗaya a kan sami wa da ƙanwa, Salisu da Talatu, suna ɗauke da kalma guda wadda ta shigo Hausa sau biyu, sau ɗaya ta bakin fatake, sau ɗaya ta allon malami, da zamani mai tsawo a tsakani. Ba kasafai a ke samun shaidar tarihi mai tsabta haka a cikin harshe ba.

Sunayen yanka su ma sai da harshe ya sarrafa su kafin su zauna. Kalmar Hausa ta fi son ƙarewa da wasali, don haka aka riƙe wasalin ƙarshe na Larabci wanda Larabawa da kansu su ke yarwa in sun tsaya: Umaru, Aliyu, Adamu, Nuhu, Yakubu, da na mata Halimatu, Hafsatu, Rabi'atu, A'ishatu. Amma me ya sa a ke cewa Haruna da Dauda da Yunusa da Sama'ila, da a maimakon u? Mafi kusa da hankali shi ne, waɗannan sunayen Annabawa a cikin Alƙur'ani sau da yawa da fataha su ke zuwa, kuma yadda almajiri ya haddace su a kan allo haka ya kai su gida. Harafin kh ya koma h, aka sami Hadiza da Halidu da Hamisu. Sa'an nan ga Audu. August Klingenheben ya bayyana a 1928 cewa a Hausar gabas, baƙin leɓe in ya zo ƙarshen gaɓa ya kan narke ya koma u, shi ya sa Basakkwace ya ke cewa zamna da abduga, Bakano kuwa zauna da auduga. Wannan doka ce ta mai da Abdu ya zama Audu. Ita ce kuma ta ke nuna tsufan laƙabin Zamnagawa, domin a jerin sarakunan Kano ne ya ke, amma da lafazin da Kanawa suka bari tun da daɗewa.

Akwai wata ƙa'ida kuma wadda rubutun boko ya ke ɓoyewa, ya kamata malaman makarantun horon malamai su riƙa nuna wa ɗalibai ita da baki. In aka ɗauki kalma gama-gari aka mai da ita sunan mutum, wasalinta na ƙarshe ya kan gajarce. Baƙo mai zuwa gida ana jan ƙarshensa, Baƙo sunan yaro kuwa a kan datse shi. Haka bawa da Bawa, azumi da Azumi, masoro da Masoro.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, ya ƙara wa sunan yanka ƙarfi, ya kuma shigo da sunayen Filani cikin gidajen sarauta, daga can suka bazu ga talakawa. Dikko a wurin Filani ɗan fari ne, Sambo mai bi masa, amma Bahaushe ya kan sa su ba tare da duban wannan ba. Bello ya bi Muhammadu saboda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Atiku ya bi Abubakar saboda ƙanensa. Shehun da kansa bai ɗaure wa al'ada gindi a ko wane hali ba: da aka haifa masa tagwaye a 1793, namijin ya sami Hasan, macen kuwa aka sa mata Asma'u, ita ce Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864.

A wannan fage ne a ke ganin wata al'ada da ta kan rikita baƙo, watau laƙabin da ya ke manne da wani sunan yanka, duk mai sunan ya gāje shi. Waɗansu asalinsu a fili ya ke. Siddiku na Abubakar, Faruku na Umaru, Halilu na Ibrahim, Kallamu na Musa, duk daga siffofin Annabawa da Sahabbai aka ɗauko su, Binta kuma daga kalmar Larabci mai nufin 'ya, saboda Faɗimatu 'yar Manzo. Waɗansu kuwa daga wani babban mutum na ƙasar nan suka samo tushe. Duk Usman Shehu ne saboda Mujaddadi, shi ya sa cikakken sunan shugaban ƙasa na 1979 zuwa 1983 ya ke Shehu Usman Aliyu Shagari. A Kano Ibrahim ya kan amsa Dabo ko Cigari saboda Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Garba na Abubakar da Sanda na Umaru ana samunsu har a gidan Shehun Barno, inda aka yi Abubakar Garbai da Umar Sanda Kura. Sai Maitama na Yusufu, Inuwa na Muhammadu, Indo ta A'ishatu, Kulu ta Hauwa'u. Mai binciken tarihi ya yi hattara a nan, domin takarda ɗaya ta kan ce Garba, wata ta ce Abubakar, wata ta ce Habu ko Bukar ko Buba, alhali mutum guda a ke nufi.

Abin da ya haifi yawancin laƙabin nan kunya ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, suruka ba ta faɗin sunan iyayen miji. Ga shi kuwa al'ada ce a mai da sunan kaka ga jika. To, in aka sa wa jariri sunan uban maigida, an jefa gidan duka cikin wuya: uban yaron ba zai kira sunan mahaifinsa gatsau ba, balle uwar yaron. Mafita ita ce a kira yaron da matsayin mai sunan, a ce Abba, ko Baba, ko Babangida, ko Maikano in kakan sarkin Kano ne ko mai sunansa, mace kuwa Uwani, ko Ummi, ko Inna, ko Iya. Har ta kan kai mace ta kauce wa kalmar da ta yi kama da sunan da ta ke jin nauyi, ko da a cikin zancen kasuwa ne. Fada ma tana da irin tata kunyar. Ba a cika ambaton sarkin da ya rasu da sunansa kawai ba, sai a haɗa da inda ajali ya same shi, a kuma sāya mutuwar da kalmar tafiya: Usman Maje Ringim, Abdullahi Maje Karofi, Abbas Maje Nasarawa.

Sunayen da su ke ba da labarin haihuwa ba su bukatar dogon bayani, kowa ya san Tanko namiji ne bayan mata, Kande ko Delu mace bayan maza, Gambo mai bin tagwaye, Audi wanda uba ya rasu yana ciki, Cindo mai yatsa shida, Auta na ƙarshe. Waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu su ne na 'ya'yan mace mai wabi, wadda 'ya'yanta su ke mutuwa suna ƙanana. A kan kira jaririn Ajuji, ko Ayashe, ko Ajefas, ko Bawa, a nuna kamar ba a damu da shi ba, don abin da ya ke ɗauke 'ya'yan ya raina shi ya bar shi. Suna ne mai muni a baki, amma babu wanda ya fi shi nuna ƙauna da tsoro a cikin sunayen Hausa duka.

Game da sunayen lele, hanya biyu harshe ya ke bi, kuma sun saɓa wa juna. Ta farko datsewa ce, a mai da dogon suna gaɓa biyu. Wani lokaci a riƙe kai a yar da wutsiya, kamar Sule daga Sulaimanu, Idi daga Idirisu, Rabi daga Rabi'atu, A'i daga A'ishatu, Fati daga Faɗimatu. Wani lokaci a riƙe wutsiya, kamar Shatu daga A'ishatun nan dai, Dije daga Hadiza, Ma'u daga Asma'u, Ya'u daga Zakariya'u, Manu daga Usumanu. Ta haka ne Abu ya zama sunan namiji in daga Abubakar ne, sunan mace in daga Zainabu ne. Sau da yawa kuma a kan rufe da o: Ibro da Iro, Ado, Mairo, Hajo. Irin waɗannan sun daɗe da barin ɗakin uwa, sun zama sunan da babba ya ke amsawa a bainar jama'a ba tare da jin an rage shi ba. Sarkin Kano na 1963 zuwa 2014 da Ado Bayero duniya ta san shi, Sarki Aliyu Babba kuwa, wanda Turawa suka tarar a 1903, Alu a ke ce masa.

Hanya ta biyu ita ce ainihin ta lele, kuma ƙari a ke yi. Bayan an datse suna sai a sāke miƙe shi, ko dai a maimaita gaɓar ƙarshe, Ladi ta zama Ladidi, Sale ya zama Salele, ko kuwa a ɗafa masa wani abu a ƙeya: Laminde, Ladingo, Jummala, Kandala, Kuluwa, Talatuwa, Garbati. Dijangala ta bi matakai uku ke nan, daga Hadiza zuwa Dije zuwa Dijangala, har ta fi sunan asali tsawo. Paul Newman da Mustapha Ahmad sun yi nazarin ƙirar waɗannan sunaye a wata maƙala ta 1992. Wanda ya saba da harsunan Turai ya kan zaci sunan ƙauna gajere ne ko yaushe, a Hausa kuwa gajartawa sabo ta ke nunawa, tsawaitawa ita ce shagwaɓa. Kuma daga sama su ke gangarowa, daga kaka zuwa jika, daga uwar goyo zuwa ɗiyar goyo, ko tsakanin tsara. Yaro ba ya kiran babba da su.

Zuwan Turawa ya kawo bukatar da ba a san ta ba a dā, watau suna na biyu wanda za a rubuta a rajista. A dā in an so rarrabewa sai a ce wane ɗan wane, ko a haɗa da sana'a, ko unguwa. Makarantar Nasarawa da Hans Vischer ya buɗe a Kano a 1909 (shi kansa bai tsira ba, Ɗan Hausa aka laƙaba masa) da Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 sun tara yara daga larduna dabam dabam, Muhammadu da Abubakar sun yi yawa a aji, sai aka riƙa haɗa kowa da garinsu. Ahmadu Bello a Katsina Ahmadu Raba ne, Abubakar Imam kuwa Abubakar Kagara. Waɗannan biyu sun sāke daga baya, amma Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Yahaya Gusau sun tafi da sunan gari har ƙarshen rayuwarsu. Kunya ma ta taimaka, domin ya fi wa yaro sauƙi ya faɗi sunan garinsu da ya faɗi na ubansa a gaban malami. A hayin iyaka kuma, rubutun Faransanci ya ba sunayen nan wata kama, har mai karatu a Nijeriya ya kan yi jinkiri kafin ya gane cewa Mahamane Ousmane, shugaban Nijar daga 1993 zuwa 1996, Mamman Usman ne, Issoufou kuma Isuhu ne, watau Yusufu.

Daga shekarun 1970 iska ta juya. Makarantun Islamiyya sun yawaita, zuwa Makka ya yi sauƙi, ƙungiyoyin gyaran addini irin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, sun ƙarfafa komawa ga lafazin Larabci. Sai Mamman ya koma Muhammad, Dije ta koma Khadija, Audu ya koma Abdullahi, Iro ya koma Ibrahim. Siddiku da Faruku da Halilu sun rabu da sunayen da su ke bi, sun zama sunayen yanka masu zaman kansu. A birane iyaye da yawa suna ganin Tanko da Kande da Talatu sunayen ƙauye ne, Ajuji kuwa sai a bakin tsofaffi. Alkunya dai ba ta mutu ba, tufafi ta sāke: inda a dā za a ce Abba ko Uwani, yanzu a kan ji Walid da Walida, da Khalifa, da Amira, har da Dadi da Mami daga Turanci. Wanda ya ce gyara ne yana da hujjarsa. Sai dai Audu da Dauda da Altine ba kurakurai ba ne, sakamakon dokokin harshe ne masu tsari, kuma duk wanda ya goge su ya goge shaidar da aka yi bayaninta a sama.

Abin da ya fi matsa wa tsarin lamba a wannan zamani takarda ce. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar tantance masu ajiya a 2014, aka kuma tilasta lambar ɗan ƙasa, ana bukatar sunan mutum ya zama iri ɗaya a ko wace takarda, harafi da harafi. Mutumin da aka rubuta Garba Audu a firamare, ya zama Abubakar Abdullahi a takardar sakandare, duk Bahaushe ya san mutum ɗaya ne ɗan mutum ɗaya, amma na'ura mutum biyu ta ke gani. Sai ya tafi kotu ya yi rantsuwa, ya buga sanarwar sāke suna a jarida, kafin ya taɓa kuɗinsa ko ya karɓi fanshonsa. Da aka ce ya zaɓi ɗaya, kusan kullum na yanka ya ke riƙewa, Garba kuwa ya koma wanda a ke kiransa da shi a zaure.